Wasiƙa zuwa ga aminiyata a kan jinyar 'yarki

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, na rubuto ne domin in ba ki labarin jikin 'yarki, tun da na san hankalinki yana kanta.

Kin san mun shafe kusan shekara muna zaton iska ce ko sammu, ana ta tofi da rubutu, yarinya kuwa sai ramewa take yi har al'adarta ta ɗauke. Daga baya likitan ƙwaƙwalwa ya ce cutar anoreksiya ce, wato tsananin tsoron ƙiba da ke sa mutum ya hana kansa abinci. Ya kwantar da ita kwana goma ana ƙara mata abinci kaɗan kaɗan, ana kuma auna jininta, domin idan aka ɗura wa jikin da ya daɗe cikin yunwa abinci mai yawa lokaci guda, sinadarin fosfet na jini yana iya faɗuwa har ya taɓa zuciya.

Yanzu muna bin hanyar da aka fara a asibitin Maudsley na Landan, wadda take ɗora wa iyaye nauyin ciyarwa, sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, ba faɗa ba gori. A nan tawa jarrabawar take. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ga shi an ce in zauna gabanta har ta cinye, in kuma tsare ta bayan nan kada ta kewaya ta amayar. Ranar farko malmala ɗaya ta ci mana awa biyu, tana kuka, ni idona yana kan tabarma. Hajiya ta ce na zubar da alkunya, ban tanka mata ba, domin ba ta ga abin da na gani a gadon asibiti ba.

Bana ba ta yi azumi ba bisa umarnin likita, malam ma ya tabbatar mana cewa mara lafiya yana da uzuri. Ina roƙon ki, idan kin zo hutu kada ki ce mata ta yi ƙiba, ko da yabo kike nufi, domin kalmar nan kaɗai tana iya mayar da ita baya. Shekaranjiya da kanta ta nemi a dama mata fura, ta kuma sha rabin ƙoƙo.

Ki gaida maigida da yara.

Taki har kullum,
Aminiyarki