Wayar Rumfar Reno Ba Sai An Sayi Saiti Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, dan Allah ka ɗan sammin fili in yi magana da 'yan uwana masu lambu da kuma maƙera da masu walda. Maganar wayar ƙarfe ta rumfar renon tumatir ce kawai, na san wani zai ce to waya kuma har sai an rubuto wa jarida, amma wanda bai taɓa sammako ya tarar da gadon renonsa kwance a ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar raga ba, ba zai gane zafin abin ba.

Ni tumatir da tattasai nake yi a ɓangaren Kura. Duk wanda ya ga abin da sharon, tsutsar nan mai cinye tumatir, ta yi mana a 2016, shekarar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ya san tun daga nan reno a fili ya zama caca, ga irin zamani na 'yar leda da tsada kamar me, ka zuba shi ka bar wa fara da ƙadangare da kajin maƙwabta, ga ruwan Agusta da Satumba in ya sauko da ƙarfi sai ya tumurmushe tsiron tun bai yi ganye huɗu ba. Shi ya sa shekara uku da suka wuce na daure na sayi irin rumfar nan ta reno a wani shago a birni, raga ce doguwa da wayoyi guda goma lanƙwasassu kamar baka, ka kafa su a jere a kan fangali ka lulluɓa ragar. Wallahi ta yi min aiki, reno biyu na fitar lafiya lau. Sai 'yan jari bola suka zagayo wani dare suka zare huɗu, awaki suka tattake biyu, sauran kuma tsatsa ta cinye ƙafafunsu daidai inda suke shiga ƙasa. Ragar kuwa tana nan garau ko huda babu.

Na koma shagon nace a ba ni waya shida. Yaron ya ce "Alhaji ai saiti ne, ba ma raba su." Nace to ni ragar me zan yi da ita, ina da tawa, ya ce sai dai in yi haƙuri. Na zaga shago uku duk bakinsu ɗaya. Kaga mutum zai sayi doki sabo saboda linzami ya tsinke.

Ɗana da ke karatun aikin gona shi ya ke ba ni labari wai abin daga Faransa ya samo asali, suna ce masa kulosh, ma'anarsa ƙararrawa, don da can gilashi ne mai siffar ƙararrawa masu lambun kewayen Faris ke kifawa a kan shuka saboda sanyi, daga baya a Ingila wani Manjo Chase ya fito da nasa a 1912, fallayen gilashi ne da waya ke riƙe su kamar jinka a jera su layi guda. Nace masa to ka ji, ashe tun can ma wayar ce ƙashin bayan abin. Su dai zafi suke tarawa, mu ruwa da ƙwari muke karewa, zafi kam Allah ya hore mana.

Kafin in dace sai da na sha wuya, bari in faɗa don kar wani ya maimaita. Na fara da wayar ɗaurin rodi ta magina, na ninka ta uku na murɗa, a ido ta tsaya ƙyam har ina yaba kaina. Daren da aka yi ruwa da iska ragar ta sha ruwa ta yi nauyi, da safe na zo na samu bakunan sun baje kamar an zauna a kansu, ragar ta manne da ƙasa, na ɗaga ta a hankali ina ganin 'yan tsiron kwana goma sun karye daga wuya, wasu sun fito da saiwarsu manne a jikin raga. Rabin fangali ya tafi a dare ɗaya. Sai wani ya ce in gwada wayar tsohuwar taya wadda ake samu bayan an ƙona, ita kuma wuta ta riga ta kashe ta, ga tsatsa ga tsini, tana yaga raga tana yankar hannu, ban ma kai sati da ita ba.

Tsumagiyar geza ita ce ta ɗan rufa min asiri a wannan shekarar, kuma gaskiya ban raina ta ba, da irinta Fulani ke tayar da bukka kuma bukkar ta yi damina. In za ka yi da ita ka yanko ɗanya ka lanƙwasa tun tana da ruwa a jiki, ka fere duk wani gaɓa da ƙaya sumul don kar ta ci ragar. Matsalarta gara, reno ɗaya za ta yi maka ka sake yanko wata, kuma gezar ma yanzu sai ka yi tafiya kafin ka samu. Fayif ɗin wayarin na roba shi ma yana yi, ka kafa guntayen ƙarfe ko turaku a gefe da gefe ka zura bakinsa, ɓarawon ƙarfe ba ruwansa da shi, sai dai rana na gasa shi ya bushe wata rana kana taɓawa ya ce ƙas.

Abin da ya raba ni da wahala shi ne na ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin na kai wa wani dattijo maƙeri a garinmu, nace Baba irin wannan nake nema an ce min sai saiti. Ya juya ta ya juya ya yi dariya ya ce "Malam wannan ai ba aiki ba ne, aikin yara ne," ya ƙwala wa yaronsa kira. Ya ce in je in samo waya mai kauri wadda aka yi wa farin rufi da ba ta saurin tsatsa, irin ta shingen gona, kaurin milimita 4, in ban samu ba in sayo siririn rodi mai milimita 6. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na samo duka biyun. Rodi tsawonsa mita 12 ne, kaga in ka yanka mita bibbiyu baka shida kenan a sanda ɗaya babu asarar ko taƙi.

Lissafin mita biyun ga yadda yake. Fangalina faɗinsa mita 1 ne, bakan da zai tsallake shi yana cin wajen mita 1 da santimita 60, ragowar 40 ɗin ka raba biyu, 20 kowace ƙafa ta shiga ƙasa. Tsakiyar rumfar zai tashi wajen rabin mita, kuma tumatir da za a cire dashe a sati uku zuwa huɗu bai isa ya taɓo nan ba. In ƙasarka yashi ce ka ƙara wa ƙafar tsawo. A jikin zoben rijiya na siminti yaron ya dinga lanƙwasa su, ya taka baki ɗaya da ƙafa ya ja ɗayan ya zagayo, duk suka fito kai ɗaya kamar daga kamfani, ni ina tsaye ina jin haushin kuɗin motar da na ɓata a birni.

Wata dabara da Baban ya ƙara min wadda ko na shagon ba su da ita, daidai inda ƙafa za ta fara shiga ƙasa ya murɗa wa wayar ɗan zobe, rodin kuma ya ce a ɗana masa 'yar ƙugiya da walda. Amfaninsa biyu, bakan ba zai ci gaba da nutsewa ba in ƙasa ta jiƙe, sannan nan za ka ɗaura igiya ka tsallaka da ita ta saman raga zuwa ɗaya gefen, sai ragar ta zauna tsakanin waya da igiya, in za ka yi ban ruwa ka ture ta sama kawai kamar labule ba sai ka kwashe duwatsu ba. Tsakanin baka da baka kar ya wuce santimita 70, fangali mai mita 5 takwas zai ci. Ka kuma bi ƙoƙon kansu da igiya ɗaya tun daga farko har ƙarshe kana ɗaurewa, ka ja ta ka kafe da turke gaba da baya, rashin wannan igiyar ce ke sa iska ta kwantar da su gaba ɗaya kamar sahu. Rodi yana tsatsa, a goge a shafa masa jan fentin ƙarfe musamman ƙafafun. Na ga masu shafa baƙin mai, ni dai ban yarda da shi a inda nake renon abin da mutane za su ci ba.

Sai jan kunne guda biyu. Dan girman Allah kar a cire gidan sauron da aka raba don yara a kai lambu, in za a yi da shi a nemi tsoho wanda ya gama aikinsa a ɗinke hujin, kuma a sani yana tare malam-buɗe-littafin sharon da fara da tsuntsu amma ƙananan fararen ƙwarin nan masu sa ganye ya nannaɗe suna iya ratsa idonsa. Masu sa leda kuma saboda ruwa ko sanyin hunturu, rana na ɗagawa a buɗe gefe, in ka manta har azahar dafaffen tsiro za ka tarar.

Roƙona ga masu walda da maƙeran da ke kusa da Kadawa da Kwanar Gafan da sauran wuraren noman rani, ku dinga lanƙwasa irin wannan kuna ɗaurewa goma goma kuna ajiyewa a bakin rumfa tun daga watan Yuli, wallahi za a saya. Malaman gona ma in sun zo nuna mana raga su dinga faɗa mana awon wayar. Nawa guda goma sha shida ne yanzu, ana gama dashe nake zare su in ɗaure in kai ɗakin kwanana in tura ƙarƙashin gado, uwargida ta yi mita ta gaji.

Naka,
Wani mai lambu daga Kura, Jihar Kano