Wasiƙa zuwa ga ɗana game da bindigar kakansa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, na samu saƙonka cewa kana son fita farautar bana da bindigar kakanka mai baki biyu. Ban hana ka ba, amma ina so ka san abin da za ka saɓa tukuna.

Kakanninmu adaka suka sani, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma idan harbin farko ya kuskure, kafin a sake ɗuri zabo ya yi nisa. Turawa ma sun sha wannan wahalar, shi ya sa maƙeran Landan irin su Joseph Manton, da James Purdey wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa kafin ya buɗe nasa shagon a 1814, suka ƙware wajen haɗa bututu biyu a ƙota ɗaya. A shekarun 1830 Casimir Lefaucheux na Faransa ya fito da wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi ta baya. A 1875 kuma Anson da Deeley na kamfanin Westley Richards a Birmingham suka mayar da hamar da ke dukan harsashi cikin jikin bindigar, ta yadda karyawar kanta ce ke ɗana ta. Tamu irin wannan ce, ba za ka ga hama a waje ba balle ta gaya maka a ɗane take, kuma nan ne tsorona yake.

Kunamarta biyu ce. Ta gaba tana tayar da bututun dama, wanda bakinsa ya fi faɗi domin tsuntsun da ya tashi kusa, ta baya kuma na hagu, wanda aka matse bakinsa domin ƙwayoyin dalma su tafi a dunƙule zuwa nesa. Lamba 12 ce a ma'aunin faɗin bututu, kada ka taɓa haɗa harsashinta da na lamba 20, wanda ya fi shi ƙanƙanta, a aljihu ɗaya, domin ƙaramin yakan zurma cikin bututu ya maƙale, a ɗora babba a bayansa, ƙarfe ya tarwatse a hannun mai harbi.

Ina saurayi na ga wani abokin farautarmu ya zame a bakin rafi da bindigarsa a rufe, ta tashi, ƙasa ta watso mini a ƙafa, ga rami kamar an haƙa da fartanya a gaban takalmina. Tun ranar ban sake ƙetare rafi ko shinge, ko miƙa wa wani bindiga ba, sai na karya ta na zare harsasan. Kafin ka mayar da su, ka ɗaga ta sama ka leƙa bututun biyu, ka tabbata haske kake gani ba laka ba.

Lasisin da ke hannuna da sunana yake, sai ka nemi naka. Idan ya fito, ka zo bayan girbi mu yi fitar farko tare.

Mahaifinka.