Wasiƙa zuwa ga Sani kan gyambon da ya ƙi warkewa

Assalamu alaikum mutumina, ya aiki, ya iyali, ya sanyin Gembu? Mu nan Kano zafi kamar me, sai godiya.

Na ga hoton ƙafar dattijon nan mai ciwon suga da ka turo, kace kullum ana wanke ciwon, an canza antibayotik an sake canzawa amma gyambon yana nan jiya i yau. Wlh ina ganin wannan farin yauƙin da ke kwance a kai da yawan ruwan da yake jiƙa bandeji nace bayofim ne. Ƙwayoyin cutar ba yawo suke ɗaiɗai ba, taruwa suke su manne a jikin naman su lulluɓe kansu da wani yauƙi da su suke haɗawa, kamar santsin cikin randa, duk ruwan da ka watsa ba zai fita ba sai ka sa hannu ka dirje. A haka suna iya jure magani ninkin ba ninkin, wani lokaci har sau 1000 akan wanda ke kashe su in suna waje, shi yasa kuɗin mutumin ke ta ƙarewa a kemis.

Ba sabon zance bane, tun 1978 wani masanin ƙwayoyin cuta, Bill Costerton, ya fara bayaninsa, a 2008 kuma wani bincike a Amurka ya same shi a kashi 60 na tsofaffin raunuka, sabbi kuwa kashi 6 kacal. Amma fa ido baya ganinsa kai tsaye, alamu ne kawai muke bi.

To abin yi. Ka daina lallaɓa ciwon Sani, mu ma'aikatan jinya tausayi ke hana mu, mu ɗan goga auduga mu rufe. Ka wanke sosai da ruwan salin (ruwan gishirin asibiti) ko maganin kashe ƙwayoyin cuta na PHMB in akwai, in babu povidone iodine ma ya isa, ka haɗa da fatar gefe ba tsakiyar kaɗai ba, sannan ka kankare mataccen naman da yauƙin har ka ga ɗigon jini ƙanana, ka yanke kantar da ta zagaye bakin ciwon don a ƙarƙashinta ƙwayoyin cutar suke ɓuya kuma ita ke hana sabuwar fata tahowa. Kar ka manta maganin kashe zafi kafin ka fara, duk da masu suga da yawa ƙafar ta riga ta mutu basa ji. Bayan kankarewa ne magani ke kama su, nan take ka sa abin rufi mai iodine ko azurfa, domin cikin awa 24 sun fara haɗa kai, kwana 3 sun koma yadda suke, kaga ba aikin sau ɗaya bane, duk zuwa sai an maimaita.

Dan Allah kafin ka ɗauki reza ka taɓa bugun jijiya a bayan ƙafar da gefen idon sawu. In babu bugu, ƙafar tayi sanyi ko yatsa ya bushe yayi baƙi, kar ka yanka komai, ka tura shi babban asibiti. Haka in ƙarfen gwajin da ake zurawa cikin ciwon ya taɓa ƙashi, ko ja da kumburi na hawa sama da zazzaɓi, nan ne antibayotik ke da aiki na gaske.

In ka ga kore kore a bandejin da wani wari daban to da alama ƙwayar cutar da ake kira Pseudomonas ce, acetic acid (sinadarin da ke cikin vinegar) kashi 1 cikin 100 na maganinta kuma ba tsada. Zumar kasuwa ni bana yarda da ita, rabi suga ce. Ka kuma ja kunnen 'ya'yansa su daina fasa kafso suna barbaɗawa.

Sauran ka sani, suga ta sauka, ya ci ƙwai da wake, ya daina taka wurin ko da zuwa masallaci ne, nasan nan za ku yi rigima. Ka riƙa aunawa da rula duk sati kana ɗaukar hoto, in sati 4 bai ragu kusan rabi ba a sake lale.

Ka turo min sabon hoto bayan kankarewar farko. Ka gaida Maman Abba da yara.

Naka,
Bashir