Kafasito a Injin Iska: A Raba Shi Hawa-Hawa

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu girka injinan samar da lantarki daga iska kan wani aiki da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato haɗa kafasito, na'urar da ke adana cajin lantarki ta sake shi.

Janareta irin na indokshan da aka haɗa kai tsaye da layi ba shi da maganaɗisun kansa, daga layin yake jan wutar da zai gina shi. Wutar nan ba ta yin wani aiki, sai dai ta cika waya da taransfoma, ta ɗumama su, ta sauke fawa fakta, wato ma'aunin kason wutar da ke yin aiki na gaske. Kafasito ne ke samar da ita a gindin injin. A ce injin kilowat 600 yana kan fawa fakta 0.87, ana so ya kai 0.98: lissafi zai ba da kafasito na kusan kVAr 218 (kVAr shi ne ma'aunin girmansa).

Kuskuren shi ne a dasa wannan adadi dunƙule guda. Iska ba ta tsayawa wuri ɗaya, buƙatar janareta ma haka. A raba shi, misali 25, 50, 50 da 100, na'urar sarrafawa ta riƙa sakawa da cirewa. A ba ta ɗan jinkiri, in ba haka ba duk kaɗawar iska sai kontakta, wato makunnin da ke haɗa kafasito, ya buga, bakinsa ya ƙone da wuri. Inda iska ke yawan sauyawa, tayirista, makunnin lantarki marar sassa masu motsi, ya fi, domin yana haɗawa ne daidai lokacin da bolt na kafasito ya yi daidai da na layi.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaukewar wutar layi alhali fanka na juyawa. Idan kafasito mai yawa ya zauna a haɗe, janareta zai ci gaba da gina maganaɗisu daga gare shi, bolt ya haura ba linzami, ya lalata kaya, ya kuma jefa mai gyara cikin haɗari. Dole na'urar kariya ta yanke kafasito nan take. Haka kuma kada a saka shi lokacin tayar da injin, sai na'urar tashi a hankali ta gama aikinta an kewaye ta.

Sai gurɓatar wuta. A layin Hz 50, kafasito da taransfoma kan yi amo tare, wato su riƙa kaɗa wuta tsakaninsu, kusa da Hz 250, wuta ta ninka, gwangwanin kafasito ya kumbura. Riyakta, wato naɗin waya da ake jerawa da kafasito, na kashi 7 cikin 100 yana mayar da amon Hz 189. Amma yana ɗaga bolt ɗin da ke kan kafasito daga 690 na layi zuwa wajen 742, don haka a sayi wanda ya fi ƙarfin wannan.

Wajen gyara, a auna amfiya na kowace waya cikin wayoyi ukun da ke shiga kafasito. Idan sun bambanta, wani sashe ya mutu. A share matatar iskar akwatin, zafi na cin kafasito. Kuma ko an jira minti 3 ɗin da resista, wato abin da ke tsiyaye wutar kafasito, ke buƙata don zubar da caji, a gwada da mita kafin hannu ya taɓa.

Naka,
Wani injiniyan lantarki