A Daina Ƙara wa Tafkin Ninkaya Ruwa Ido Rufe

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu tafkin ninkaya a cikin gidajensu, da ma'aikatan da suke kula musu da shi, a kan wani abu da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato inda ya kamata ruwan tafkin ya tsaya. Mutum zai kashe kuɗi a kan sinadarai, hankalinsa ya tashi idan ruwan ya fara sauya launi, amma idan ya ga ya ja baya sai kawai ya jawo tiyo ya cika, ba tare da ya tambayi kansa inda na jiya ya tafi ba. A ganina wannan tambaya ta fi cikawar kanta muhimmanci.

A jikin bangon yawancin tafkuna akwai wata ƙofa mai kusurwa huɗu daidai saman ruwa. Ta nan inji yake zuƙo ruwan da ke sama tare da ganyaye da ƙura da matattun ƙwari, ya bi da shi ta cikin kwando zuwa matata, sannan ya maido shi. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce ruwa ya tsaya a tsakiyar ƙofar. Idan ya sauka ƙasa da haka, ƙofar takan fara haɗiyar iska, kuma wanda ya tsaya kusa zai ji wata ƙara irin ta mai kurkure maƙogwaro, ya ga ruwa yana juyawa a cikin kwandon, kumfa kuma tana fitowa daga bututun da ke maido ruwa. Idan ya leƙa murfin injin, wanda galibi ana ganin abin da ke ƙarƙashinsa, zai tarar iska ta taru a inda ya kamata ruwa ya cika fal. An ƙera injin ne domin ya tura ruwa, ruwan da ke ratsa shi kuma shi ne yake sanyaya shi, saboda haka idan ya daɗe yana juyawa a bushe sai abin da ke tare ruwa daga shiga wajen motar lantarkin da ke juya shi ya ƙone, sassan roba kuma su lanƙwashe saboda zafi. Kafin a ankara ruwa ya daina zagayawa, kulorin, wato sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a cikin ruwa, bai isa ko'ina ba, gansakuka ta samu wurin zama.

Cikar da ta wuce kima ba ta kai wannan haɗari ba, amma ita ma tana da tata illar. Idan ƙofar ta nutse gaba ɗaya, ba ta iya jan abin da ke yawo a sama, sai dattin ya jiƙe ya sauka ƙasa inda kwashe shi ya fi wuya. Bayan ruwan sama mai yawa, wajibi ne a rage ruwan sannan a sake auna sinadarai, domin a tabbatar ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, yana tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin kuma bai gaza kashi 1 cikin miliyan ba.

Inda na fi son masu karatu su tsaya shi ne lissafi, domin ido yana raina abin da ya ragu. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Tafki mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4 yana da murabba'in mita 32, ke nan idan ruwansa ya sauka da santimita 1 kacal, lita 320 ce ta tafi. Wani ɓangare na wannan asara ba makawa ne. Rana da iska suna ɗauke ruwa, masu ninkaya suna fantsalar da shi, wankin matatar yashi ma yana zubar da mai yawa. A lokacin zafi ba a mamakin ganin ruwa ya sauka da kimanin milimita 6 a yini, kuma abin yakan ƙaru idan iska tana kaɗawa a bushe, ko kuma ruwan yana da ɗumi alhali dare ya yi sanyi. Matsalar ita ce yoyo ma haka yake bayyana, a hankali, kuma wanda ya saba ɗora wa rana laifi zai iya shafe watanni yana shayar da ƙasar da ke ƙarƙashin gidansa.

Hanyar bambance su ba ta buƙatar komai sai bokiti. A zuba masa ruwan tafkin, a sa dutse a ciki don kada ya kife, a ajiye shi a kan matakalar tafkin yadda ruwan cikinsa da na wajensa za su yi kai ɗaya. A yi alama a ciki, a yi a waje, a kashe inji, a hana kowa shiga har awa 24. Rana ɗaya ce ta doke su, iska ɗaya ta bi ta kansu, don haka idan tururi ne kaɗai ke cin ruwan, za a tarar sun sauka daidai da juna. Idan kuwa na waje ya fi sauka, to akwai yoyo. Sai a maimaita gwajin inji yana aiki: idan asarar ta ƙaru, zargi ya koma kan bututun da ke maido ruwa, domin su ne suke ɗauke da matsi. Idan ba ta sauya ba, a duba jikin tafkin. Wani lokaci ruwan da kansa yake nuna wurin, domin yakan yi ta sauka har ya kai bakin ƙofar nan ko ramin fitila, sannan ya tsaya cak, alamar cewa tsagar tana daidai wannan layi.

Sinadarai ma suna ba da shaida ga wanda yake rubuta abin da ya auna. Ruwan da ya tashi a tururi yana barin gishiri da kalsiyam a baya, shi ya sa tafkin da ake yawan cika shi da ruwa mai nauyin ma'adinai yakan yi farin ɓawo a jikin tayil. Yoyo kuwa yana tafiya da komai. Idan mai tafkin da ke samar da kulorinsa daga gishiri ya ga gishirin yana raguwa alhali ba a yi ruwan sama ba kuma ba a wanke matata ba, ya kamata ya zargi yoyo tun kafin ya ɗauko bokiti.

Wannan ne dalilin da ya sa ba na sakin jiki da na'urar nan mai ƙara ruwa da kanta duk lokacin da ya sauka. Ba na musun amfaninta, musamman wajen kare inji, amma tana ɓoye ciwo. Tafkin yana nan a cike kullum, mai gida yana murna, ruwa kuma yana zurarewa ta ƙasa dare da rana. Wanda ya sa ta, ya riƙa kashe ta lokaci-lokaci yana yin gwajin bokiti. Mai cikawa da tiyo kuma kada ya bar bakinsa a nutse cikin tafkin, domin idan ƙarfin ruwan famfo ya faɗi, ruwan tafkin yana iya komawa cikin bututun ruwan sha. Kada kuma ya kunna ya tafi wata sabga da niyyar zai dawo.

Akwai kuskuren da ya fi duk waɗannan tsada, shi ne kwashe ruwan tafki gaba ɗaya ba tare da shawarar masani ba. Nauyin ruwan da ke ciki shi ne yake danne tafkin. Idan aka kwashe shi a lokacin da ƙasa ta sha ruwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana iya turo tafkin sama, kankare ya tsage, bututu su karye. Tafkin da aka shimfiɗa wa leda kuwa, ledar takan tsuke ta ƙi komawa mazauninta.

Rage asarar kanta ba abu ne mai wuya ba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce marufin tafki yana rage ruwan da ake ƙarawa da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Sai dai iyaye su sani cewa marufin da ke yawo a kan ruwa ba kariya ba ne ga yara. Yaro yana iya zamewa ƙarƙashinsa ba a gan shi ba, don haka ba ya maye gurbin shinge da ƙofa mai kulle.

Wanda zai yi tafiya ta kwanaki kuma, ya ɗan ɗaga ruwan sama da tsakiyar ƙofar, ya rufe tafkin, sannan ya nuna wa wanda zai bari a gida layin tayil ɗin da idan ruwa ya sauka ƙasa da shi zai fara kashe inji kafin ya nemi tiyo.

Wassalam.

Daga wani mai karanta jaridarku.