Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Jihar Kano kan tsaron yaranmu a coci

Ranka ya daɗe Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya da iyali da hidimar ikkilisiya.

Ni uwa ce kuma malamar makarantar Lahadi a nan Sabon Gari. Na rubuto a fili ne don maganar ba ta coci ɗaya ba ce, ta shafi ECWA da Katolika da Angilika da Baftis da HEKAN har da ƙananan majami'un da ake buɗewa a shaguna, kuma kujerarka ce kaɗai za ta iya tara su duka a zaure ɗaya.

Baba, mun iya karɓar bayanan yara amma ba mu iya ajiye su ba. Duk lokacin da za a yi kamfin, wato sansanin yara na hutu, ko bikin ranar yara sai a raba fom, a rubuta sunan yaro da ranar haihuwa da makarantar da yake zuwa da unguwa da lambar wayar uwa da ta uba, wani fom ɗin ma har da ciwon da yaron ke fama da shi, sikila ko asma ko farfaɗiya. Toh bayan an gama taron ina takardun nan suke zuwa? Na ga littafin rajistar yara a kan benci bayan an tashi sujada, bangon ya yage, kowa na wucewa ta gabansa, duk wanda ya ga dama zai buɗe ya ɗauki hoton shafi da waya cikin ƙiftawar ido babu wanda zai ce masa don me. Wasu kuma a WhatsApp ake zuba jerin sunayen gaba ɗaya, a guruf ɗin da har waɗanda suka bar cocin tuntuni suna ciki.

Sai maganar hotuna, wadda ita ce ta fi tsaya min a rai. A ɗauki yarinya da yunifom ɗinta, bajon makaranta a ƙirji, a sa a Facebook na coci da cikakken sunanta wai ana taya ta murna, ba a tambayi uwarta ba. Niyyar mai kyau ce na sani, amma wanda yake da mugun nufi ya samu fuska da suna da makaranta da ranar da za ta zo coci, me ya rage masa? Mu a Kano ba labari aka ba mu ba. A 2019 aka gano yaran da aka sace daga nan aka kai Anambra. A Disambar 2021 aka sace yarinya 'yar shekara 5, daga baya aka gano mai makarantarsu ne ya ɗauke ta ya kashe ta, mutumin da ta sani, wanda iyayenta suka amince da shi. Duk garin nan sai da muka zubar da hawaye, Musulmi da Kirista.

Doka ma ta riga ta yi magana. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, wadda hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ke kula da ita, ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro, kuma ta sa addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanan da ke buƙatar kulawa ta musamman. Ta yarda ƙungiyar addini ta riƙe bayanan membobinta, amma ba ta yarda a fitar da su waje ba sai da amincewarsu. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da mutane, awa 72 aka bayar a sanar da hukumar. Jihar Kano ma ta samu dokar kare yara a 2023. Sakatarorin cocinmu nawa ne aka taɓa zaunar da su aka karanta musu wannan da Hausa?

Abun da nake roƙo, CAN ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida guda wadda kowace coci za ta manna a bango. Rajista ta zauna a kabad mai makulli, mutum biyu ko uku kawai su san inda makullin yake, kuma in an gama kamfin a ƙona fom ɗin da ba a buƙata. Kar a sa hoton yaro a intanet sai iyaye sun sa hannu, in sun ce a cire a cire ba gardama. Roƙon addu'a ma a daina ambaton sunan yaro da ciwonsa a lasifika, Allah ya san wanda ake nufi.

Sannan duk mai son koyar da yara ko jagorantar kwaya ta yara a bincike shi tukunna, a tambayi cocin da ya baro, ba wai don ya iya waƙa ko yana yawan ba da baiko a miƙa masa yara ba. Babba ɗaya kar ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe, ko fasto ne. In an tashi kuma kar a saki yaro ga duk wanda ya zo ya ce ni kawunsa ne, sai wanda iyaye suka rubuta sunansa.

Wanda ya fi wuya shi ne ranar da yaro ya buɗe baki ya faɗa. A nan ne muke faɗuwa Baba, dattawa su shiga ofis su rufe ƙofa, a ce a rufa wa ikkilisiya asiri, a ba iyaye haƙuri, mutumin kuma ya tattara ya koma wata coci inda ba a san shi ba ya ci gaba. Gafara tsakaninsa da Allah ne, amma lalata da yaro laifi ne na kotu. A rubuta a cikin ƙa'idar ƙarara cewa a ranar za a kai yaron asibiti, akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke duba irin wannan, a kuma sanar da 'yan sanda ko hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP, kuma a dakatar da wanda ake zargi daga kusantar yara har a gama bincike.

Dan Allah ka sa wannan a ajandar taron shugabannin coci na gaba, kuma a gayyato Zumuntar Mata da malaman makarantar Lahadi su zauna a ciki, don mu ne muke riƙe da littattafan nan kowace Lahadi.

Taka cikin Ubangiji,
Wata malamar makarantar Lahadi, Sabon Gari, Kano