Lotsewar bamba ba ita ce ɓarnar mota ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili a shafin wasiƙu in yi gyara kan wani ma'auni da ya zama ruwan dare wajen matasanmu masu buga wasan tseren mota a nan Jidda da Makka, wanda na ga masu sharhin fasaha ma sun fara ɗauka. In aka tambayi wane wasa ne ya fi kama da gaskiya wajen haɗari, sai a nuna wanda bamba ke faɗuwa, gilashi na tarwatsewa, bonet na tashi sama. Wannan duk aikin mai zane ne. Kowane bakanike a sina'iyya, unguwar garejin gyaran mota, ya san motar da ta fi muni a ido ba lallai ita ce ta fi jin jiki ba.

A ɗauki mota ta daki bango da gefen gabanta na dama tana gudun kilomita 50 a awa. Ƙarfin dukan daidai yake da a sako ta daga tsayin mita 10. In gudun ya kai 100, tsayin ya koma kusan mita 40, domin in gudu ya ninka biyu ƙarfin duka ninkawa huɗu yake yi. Bayan bamba akwai ƙarfen da ke tare duka, sai kwandansan AC, sai lagireto, sai fanka. Lagireto ya huje, amma motar ba ta mutuwa nan take. Tana ci gaba da tafiya ruwa na zuba, allurar zafi na hawa, kuma a zafin da ake yi a nan da rani ba a daɗewa kan injin ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, injin ya buga. Ta ƙasa kuma, tayar da ta ci dukan tana tura tayarod da hannun ƙafar mota. Saitin tayoyin gaba da milimita ake auna shi, saboda haka ɗan lanƙwasar da ido ba ya gani ta isa ta karkatar da sitiyari, motar ta riƙa ja gefe ɗaya, tayar na gogar kwalta tana zafi tana cinyewa. In kwanon baƙin mai ne ya tsage a kan dutse, jikin motar na nan sumul, injin kuwa ya gama aiki cikin ɗan lokaci. Wasan da bai kwaikwayi wannan jerin ba bai kwaikwayi haɗari ba, komai kyan lotsewarsa.

Hanya biyu ake bi wajen gina ɓarna a wasa. Ta farko, wadda yawancinsu ke bi, ita ce a ɗauki motar a matsayin dunƙule guda mai tauri. In ta daki abu, sai wasan ya auna ƙarfin dukan da inda ya sauka, ya lotsa hoton wurin ko ya musanya shi da wani hoton da aka riga aka zana, sannan ya rage wa injin ko ƙafa wani kaso daga lafiyarsu. Lotsewar daban, raguwar gudun daban, lamba ce kawai ta haɗa su. Shi ya sa a Gran Turismo 7 za ka daki shinge da gudun da zai raba mota biyu, ka fito da ɗan ƙarzuwa, kuma in saitin ɓarna mai sauƙi aka zaɓa, motar ta warke da kanta bayan ɗan lokaci.

Ta biyu ita ce ta BeamNG.drive, na wani kamfani da ke Bremen a Jamus, wanda ya shiga Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, a 2015. A nan an gina motar da ɗaruruwan ɗigo masu nauyi, an haɗa su da sanduna, kamar ƙwarangwal ɗin rumfa kafin a ɗora mata rufi. Kowace sanda tana da iyakar da za ta lanƙwashe ta dawo, da wadda in ta wuce ba ta dawowa, da wadda take karyewa. Ana sake lissafin wannan sau 2,000 a kowace daƙiƙa. Babu wanda ya rubuta cewa motar ta ja dama in an dake ta. Tana ja ne domin sandar da ke riƙe da tayar ta lanƙwashe da gaske a cikin lissafin. Wannan ne bambancin, kuma shi ya sa wasan ke neman kwamfuta mai ƙarfi.

Ba na ganin laifin sauran kamfanonin gaba ɗaya. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa yana da kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa ya gama lissafin motoci ashirin, da tayoyinsu, da hanya, da haske. Masu ƙera mota na gaske, da manhaja irin LS-DYNA, sukan raba mota gida miliyoyi, manyan kwamfutoci su kwashe sa'o'i suna lissafin haɗarin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ga kuma batun lasisi: kamfanin da ya ba da sunan motarsa ba ya son a ga rufinta ya danne kujerar direba. A duba, BeamNG da kuma Wreckfest, wanda kamfanin Bugbear ya yi, waɗanda suka fi kowa ragargaza mota, duk motocin ƙirƙira suke amfani da su.

Wasu sun tsaya a tsakiya, kuma a ganina sun fi amfani ga mai son koyo. A DiRT Rally 2.0 lagireto na hujewa, taya na faci, fitila na mutuwa da dare, kuma a wurin gyara lokaci ƙayyadadde ne, dole ka zaɓi abin da za ka gyara ka bar sauran. Haka ake fama a gasar tseren hamada ta Dakar, wadda ake yi a ƙasar nan tun 2020. A wasannin F1, wato tseren Formula 1, in aka sa saitin ɓarna cikakke, guntun fiffiken gaba ya karye, gaban motar ya daina kama kwalta, ka riƙa fita waje a kowace kwana. A gwada wannan a filin tseren Kornish na Jidda, mai tsawon kilomita 6.174 da kwana 27, bango dama da hagu. A can ne direban F1 Mick Schumacher ya daki bango a 2022 da ƙarfin 33G, wato ninki 33 na nauyin jiki, bai shiga tseren washegari ba. Motar F1 ba ta lotsewa irin ta kan titi, jikinta na zaren kabon ne, tarwatsewa yake yi, saboda haka wasan da ya nuna ta a lotse ya yi kuskure tun daga nan.

Ga gwajin da nake roƙon masu sharhi su riƙa yi kafin su yaba wa wasa. A kunna ɓarna cikakkiya, a kashe maɓallin komawa baya, wanda ke mayar da lokaci zuwa kafin haɗari. A daki bango da gefen gaba ɗaya da gudun 50, a fita miƙaƙƙiyar hanya a saki sitiyari: ta ja gefen da aka daka, ko ta miƙe abinta? A ci gaba da tafiya ana kallon zafin injin na minti biyar. A sake sabuwar mota, a hau dakalin gefen titi da taya ɗaya da gudun 80 ba tare da jikin ya taɓa komai ba, a ga ko ƙafar ta ji. A ƙarshe a maimaita dukan farko da gudun 100. In ɓarnar ta ninka biyu kacal, ko ta tsaya inda take, lamba ce ke aiki, ba ƙarfe ba.

Abin da ya sa na damu shi ne wasannin hajwala, na zamiya da jujjuya mota a titi, da suka cika wayoyin yaranmu. A cikinsu mota na wuntsilawa sau uku ta sauka kan tayoyinta ta wuce. Ban ce wasa ne ke tura yaro tafhiɗ, wato yin irin wannan zamiya da motar gaske, ba, amma yana koya masa lissafin ƙarya game da abin da ƙarfe ke iya ɗauka. A kan titi, tarar tafhiɗ ta farko riyal 20,000 ce tare da tsare mota, ta biyu 40,000, ta uku 60,000. Uban da zai saya wa ɗansa wasan tsere ya shiga saitin da kansa, ya ɗaga ɓarna zuwa ƙarshe, ya kashe komawa baya, ya bar yaron ya ƙarasa zagaye goma da karkataccen sitiyari.

Wassalam.

Wani mai gyaran ƙafar mota, Jidda, Saudiyya.